Isawan Gimi da Littattafan Mishan a Arewacin Zazzau

Ƙasar da ta ke arewa da birnin Zariya, daga Kudan zuwa Makarfi har Ikara, ƙasa ce ta kan iyaka tsakanin Zazzau da Kano. Ta nan fatake su ke ratsawa tun da, ta nan kuma aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano cikin 1911. Mutanenta manoma ne, Musulmi da Maguzawa, an kuwa san su da noman rake a fadamu. A cikin wannan ƙasa, a yankin Makarfi, akwai wani wuri da a ke kira Gimi. Ba gari ne mai babbar sarauta ba, amma a nan ne wajen 1914 aka kafa wani ƙauye na Hausawa Kirista, wanda bai yi tsawon rai ba ya watse. Daga waɗanda suka tsira a wannan ƙauye, da yaran da aka haɗa su karatu tare a Zariya da Wusasa, aka sami waɗansu daga cikin mutanen da suka riƙe manyan ayyuka a Jihar Arewa da Nijeriya baki ɗaya.

An saba cewa littattafan Mishan su ne suka mai da 'ya'yan talakawa shugabanni, suka kuma sa musu ƙarfin hali. Maganar ba ta rasa gaskiya ba, sai dai tana bukatar gyara, gama tarihin Gimi ya nuna cewa ƙarfin halin ya riga littattafan zuwa. Abin da littattafan suka yi shi ne suka tarad da shi, suka buɗe masa wata hanya dabam.

Asalin mutanen Gimi daga Kano ne. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce haddi. Ya tara almajirai, maganarsa ta kai fada, aka neme shi ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka bazu, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka fake bayan saɓaninsu da hukumar Kano a kan haraji. Waɗansu kuwa suka ɓuya cikin ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Su ne a ke kira Isawa.

Wajibi ne mai nazari ya yi hattara a nan. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Malam Ibrahim ya biyo ta hannun 'yan Mishan ne da zuriyar waɗanda suka shiga Kiristanci daga baya, su kuwa sun ɗauke shi tamkar mai share hanya, har a riwayarsu ya ce wa almajiransa su jira waɗansu mutane da za su zo da cikakken labarin Isa. Masana na baya, kamar Ian Linden wanda ya yi bincike a Jami'ar Ahmadu Bello wajen 1974, sun fi ganin Isawa a matsayin wata ƙungiya ta cikin Musulunci, irin waɗanda suka yi ta ɓullowa a ƙarni na goma sha tara saboda sauraron ƙarshen zamani da bayyanar Mahadi da saukowar Isa, da kuma ƙin jinin zaluncin masu mulki. Ko wace fassara aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: waɗannan mutane masu karatu ne, sun gaji al'adar zaure da allo, sun kuma riga sun san cewa mutum yana iya rasa gidansa, ko ma ransa, saboda abin da ya fahimta a littafi. Wannan tarbiyya ce ta malantar ƙasar Hausa, ba Bature ya kawo ta ba.

Su kuwa littattafan Kirista na Hausa sun daɗe da samuwa kafin su sami masu karanta su. J. F. Schön, wani Bajamushe mai aiki da ƙungiyar Mishan ta C.M.S., ya soma koyon Hausa bayan tafiyar da aka yi a kan Kwara cikin 1841, daga baya ya sami taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Ya buga fassarar Bisharar Matta cikin 1857, ya kuma fitad da Magana Hausa cikin 1885. Amma Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, littattafansa kuwa sun fi amfanar Turawa masu koyon harshe. C. H. Robinson ya zo Kano cikin 1894, ya yi ƙamus. Sa'an nan cikin 1900 Bishof Tugwell ya jawo ayari har Kano, Sarki Alu ya sallame su ba da daɗewa ba, suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu ya rasu. A cikin wannan ayari akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus wurin mahajjata da fatake. Shi ne Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

Nufin Mila tun farko shi ne ya kama manya. Ya tsara wa Gwamna Lugga makarantu biyu, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna, ɗaya ta malamai waɗanda za a koya wa rubutun boko. Ta malamai an buɗe ta cikin 1907, ba ta yi ƙarko ba. Ta 'ya'yan sarakuna kuwa ba ta ma tsaya da ƙafafunta ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sarakuna ba su yarda su ba mai wa'azin wani addini 'ya'yansu ba, Turawan mulki kuma, bisa ga alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato cikin 1903 na cewa ba za a taɓa addini ba, ba su son abin da zai ɓata su da sarakuna. Aka miƙa aikin ga Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda shi ma da Mishan ya fara zuwa, ya buɗe makarantar Gwamnati a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Mila ya rage da 'yan yara kaɗan a gidansa, galibi 'yantattun bayi da marayu, da tarin takardun fassara.

A wannan hali ne cikin 1913 mutum biyu daga cikin Isawa suka zo wurinsa a Zariya. Aka bi su zuwa ƙauyukansu, aka tarad da jama'a masu son su ji abin da ke cikin Linjila. Ba dukan Isawa suka karɓa ba; waɗansu sun saurara, suka zauna a kan abin da suka gada. Waɗanda suka karɓa, tun da ya ke a warwatse su ke, kuma zama ya soma yi musu wuya cikin danginsu, aka nemi izinin tara su wuri ɗaya. Aka zaɓi Gimi. Wanda aka ɗora wa kula da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata mutumin tsibiran Indiya ta Yamma.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da karatu ya zama ga waɗannan mutane, don a nan ne gishirin maganar ya ke. Almajirin zaure yakan yi shekaru yana haddace nassi da Larabci kafin ya kai ga fassara, fassarar kuma daga bakin malaminsa zai ji ta. Wannan hanya tana da amfaninta, gama tana tsare nassi daga masu yi masa karambani, tana kuma koya wa ɗalibi haƙuri da ladabi. Littafin da aka miƙa wa mutanen Gimi kuwa da Hausa ya ke, cikin baƙaƙen boko waɗanda babban mutum zai iya ƙwarewa da su cikin 'yan watanni. Manomi ya iya buɗe shi da kansa bayan ya taso daga gona, matarsa ma haka, 'yarsa ma haka. Kalmomin da ke ciki ba baƙi ba ne gare shi, don masu fassara sun ɗebo su ne daga harshen malamai: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, gafara, Attaura, Zabura. Har mabiyan Isa na farko, da sunan almajirai aka fassara su, sunan da kowane Ba'ise ya ke kiran kansa da shi tun kakanninsa. Mutumin da ya saba jin nassi daga nesa, ya wayi gari nassi na hannunsa yana yi masa magana da harshen uwarsa, lalle ganinsa ga kansa zai sake. Zai soma ɗaukar kansa mai iya auna magana, mai iya tambaya, wanda kuma za a tambaya a kan abin da ya karanta.

Ba karatu kaɗai aka yi a Gimi ba. Thompson ya fito daga ƙasar rake, shi ne kuma a ke dangantawa da shigo da injin matse rake wanda doki ke juyawa, da dafa ruwansa har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Sana'ar ta fi ƙauyen tsawon rai nesa ba kusa ba. Ta bazu cikin fadamun Makarfi da Kudan da Ikara, ta zama hanyar samun kuɗin dubban magidanta waɗanda ba abin da ya haɗa su da Mishan, da yawa ba su ma taɓa jin sunan Thompson ba.

Abin da ya ci Gimi ba sarki ba ne, ba kuwa Razdan ba. Ƙudan tsando ne. Wurin yana kusa da rafi mai kurmi, inda wannan ƙuda ke zama, mutane kuwa dole su je rafi ɗiban ruwa da wanki da ban-ruwan rake. Ciwon barci ya shiga ƙauyen cikin shekarun yaƙin duniya na farko, a lokacin da ba a da magani mai inganci a kusa. Ciwo ne mai cin mutum sannu a hankali: zazzaɓi, kumburin wuya, sa'an nan kasala da rikicewar hankali, har barcin da ba a tashi. Mutane da yawa suka mutu, magidanta da matan aure da yara. Daga ƙarshe aka kwashe waɗanda suka rage, aka kai yaran Zariya, aka bar wurin.

Mai karatu ya auna yadda wannan al'amari zai zama a idon maƙwabta. Mutane sun bar addinin danginsu, sun bi Nasara, sun taru wuri ɗaya, sai annoba ta faɗa musu. Ba a bukatar malami ya fassara wannan. Kowace tsohuwa a kasuwar ƙauye ta san abin da za ta ce. Hanyar komawa kuma a buɗe ta ke. Duk da haka waɗansu suka tsaya, suka ba da 'ya'yansu ga makarantar da ta ke ta mutanen da suka kai su Gimi. Wani zai ce rashin mafita ne ya tsai da su, marayu ba su da zaɓi. Wannan gaskiya ce game da yara, amma ba ta isa ta bayyana halin manya ba. Ya fi kusa a ce abu biyu suka haɗu: gadon Malam Ibrahim, wanda ya koya musu cewa wahala ba hujja ce a kan ɓata ba, da littafin da ke hannunsu, wanda ke cike da labarun masu gaskiya da aka jarraba, tun daga Ayuba har zuwa gicciye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, wane irin shugabanci littattafan nan suka koyar? Surorin da a ke yawan karanta wa yara a makarantun Mishan sun haɗa da ta makiyayi mai ba da ransa saboda tumaki, cikin Bisharar Yohanna sura ta 10, da ta malamin da ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa, cikin sura ta 13. Ma'anarsu ita ce babba mai hidima ne ga na ƙasa da shi. Kuskure ne a ɗauka wannan ra'ayi baƙo ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Kitabul Farƙi, da Abdullahi na Gwandu cikin Liya'ul Hukkami, da Muhammadu Bello cikin Usulus Siyasa, duk sun yi dogon bayani a kan cewa mulki amana ce, mai mulki kuma abin tambaya ne a kan talakawansa. Bambancin yana wajen wanda a ke yi wa magana. Littattafan masu jihadi da Larabci su ke, sarakuna da alƙalai da malamai su ke yi wa gargaɗi, watau waɗanda mulki ya riga ya zo hannunsu. Littafin Mishan kuwa ya faɗa hannun maraya da ɗan bawa da ɗan manomi, waɗanda ba su gaji ko mai unguwa ba, yana ce musu girma yana samuwa ta hanyar hidima. Ga yaron da ƙofar sarauta ta ke rufe gare shi har abada, saboda asali da kuma addini, wannan magana ta nuna masa wata ƙofa: asibiti, da aji, da ofis.

Ba za a ce Mila kansa ya cika wannan siffa ta kowane gefe ba. Mutum ne mai zafin rai, mai son a bi ra'ayinsa, wanda ya yi ta saɓani da Turawan mulki da 'yan'uwansa na Mishan. Ya riƙe yaransa riƙon uba mai tsanani, ya kuma raba su da al'adun danginsu fiye da yadda ya kamata, har waɗansu suka tashi baƙi a garinsu. Amma sun ga abu ɗaya a wurinsa wanda ba a cika gani ba a wancan zamani, watau mutum marar sarauta yana faɗa wa masu iko laifinsu a fili. Ya yi ta kai ƙarar zaluncin da ya ce a na yi wa talakawan Zazzau, ƙararrakinsa kuma na cikin abubuwan da a ke ambata game da tuɓe Sarki Aliyu da kai shi Lakwaja, ko da ya ke masu tarihin Zazzau ba su taru a kan cewa an yi wa Sarkin adalci ba. Har tsufansa bai daina sukar mulkin En'e ba, kamar yadda littattafansa na 1936 da 1947 suka nuna. Ya rasu a ƙasar Jos cikin 1952.

Cikin 1929 aka fitad da Mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa, inda aka gina majami'a irin ginin Hausa, da makaranta da asibiti. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, Mila ne babban mai fassara, tare da waɗansu 'yan Mishan da Hausawa masu taimako. Wani abin lura shi ne, sunan da aka zaɓa a wannan bugu Yesu ne. Jikokin Isawa suka tashi suna karanta littafin da babu sunan da aka san kakanninsu da shi. Wannan littafi ya zama abin koyon karatu ga kabilu masu yawa na Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, ya kuwa taimaka ƙwarai wajen yaɗa Hausa inda da ba ta kai ba. Wusasa ta ba da nata ga adabin Hausa ma, gama John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East bayan gasar 1933, mutumin can ne.

Mutum uku sun isa misali. R. A. B. Dikko, wanda aka haifa cikin 1912, ya tashi a hannun Mila, ya yi karatu a Ikko da Birmingham, ya zama likita na farko ɗan Arewa. Sa'ad da 'yan boko suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, suka yi babban taronsu a Kaduna cikin 1949, shi suka zaɓa shugaba, alhali kuwa shi Kirista ne, mafi yawansu Musulmi. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa cikin 1951, ya sauka, don ma'aikacin Gwamnati ne, ya ci gaba da aikin asibiti. Yakubu Gowon ba Ba'ise ba ne, ba ma Bahaushe ba. Mahaifinsa mai wa'azi ne daga ƙasar Angas wanda ya zauna a Wusasa. A makarantar nan ya fara karatu, mulkin ƙasa ya faɗo hannunsa cikin Agusta 1966 yana ɗan shekara 31, da yaƙin basasa ya ƙare cikin Janairu 1970 kuma ya zaɓi sulhu a kan ramuwa. Ba a iya rataya wannan duka a wuyan makarantar firamare, amma ba a iya cire ta daga lissafi.

Na ukun shi ya fi kusa da Gimi. Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu, daga zuriyar Isawa ya fito. An haife shi cikin 1927 a Anchau, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Ikara kafin a yanke ƙaramar hukumar Kubau. Ya yi karatu a Wusasa da Badun da Ingila, ya ƙware a kan ciwon yara, ya zama likitan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Cikin 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, ƙasa kuma ta rikice, aka ba shi shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, ya kuwa riƙe ta har 1975, ya ratsa da ita shekarun yaƙi. Daga 1979 zuwa 1983 ya yi Ministan Harkokin Waje. Ya rasu cikin 2005. Shekara ɗari daidai ba ta cika ba tsakanin tsire Malam Ibrahim a kasuwar Kano da ranar da jinin almajiransa ya hau kujerar babbar makarantar Arewa, bayan ya riƙe amanar lafiyar jikan Shehu.

Ita ma Anchau ciwon barci ya addabe ta. Daga ƙarshen shekarun 1930 Gwamnati ta yi babban aiki a yankin, wanda sunan masanin ƙwari T. A. M. Nash ya shahara da shi: aka sare kurmin bakin rafuka don ƙudan tsando ya rasa inuwa, aka tattara ƙananan ƙauyuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari kusa da Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Da an yi wannan aiki shekara ashirin da 'yan kai kafin lokacin, da watakila ƙauyen Gimi bai watse ba, da kuma yaransa sun tashi manoman rake maimakon 'yan makarantar birni.

Kiristancin da ke Ikara da Makarfi da Kudan a yau galibi ba daga Isawa ya fito ba. Na Maguzawa ne, waɗanda suka shiga da yawa bayan samun mulkin kai, musamman daga shekarun 1970, a daidai lokacin da waɗansu 'yan'uwansu su ke shiga Musulunci. Su ma ta ƙofar karatu da yawa suka shiga, ajin manya da daddare da littafin waƙoƙi da sabuwar fassarar da ta maye gurbin ta 1932. Sun sha nasu gwajin, musamman a rikicin Maris 1987 wanda ya taso daga Kafanchan ya kai Zariya da Wusasa, aka ƙone majami'u. Cikin 1997 Wusasa ta sami bishof nata, daga baya Ikara ma ta sami nata, da Hausa kuma a ke yin sujada a ƙauyukan duka biyu.